Tozalin jarirai da "maganin Fir'auna": me masu gwaji suka gani?

Umman Walida, Gadarif

Assalamu alaikum. Yayyena da malamaina, ku warware mini wani zance da ya cika wayoyinmu kwanakin nan. Ana ta tura wata murya a WhatsApp, mai maganar yana cewa Turawa sun auna magungunan mutanen Masar na zamanin Fir'auna, sun tarar duk gaskiya ne. Wai tozalinsu yana kashe ƙwayoyin cutar ido. Wai mutanen Nuba na wajen Wadi Halfa suna shan maganin kashe ƙwayoyin cuta tun ba a san asibiti ba, kuma wai hatsin da ya yi fumfuna shi ne sirrin. Masu shagunan attar, wato masu sayar da kayan ƙamshi da magungunan gargajiya, kuwa abin nema ya samu, duk abin da ka taɓa, zuma ce ko garad, wato bagaruwa, ko habbatus sauda, sai a ce maka an same shi a kabarin Fir'auna.

Ta yaya mutum zai ɗauki tukunyar da ta shekara fiye da dubu biyu babu komai a ciki, ya ce ga abin da aka zuba? Zancen Halfa gaskiya ne? Wanda ya fi damuna kuwa shi ne tozali, tunda a gidajenmu tun kafin ranar suna ake ranbaɗa wa jariri shi. A ci gaba ko a bari?

Abu Mus'ab, Bur Sudan

Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari in ɗauki ta farko, sauran akwai masu su a nan.

Hanya biyu ake bi, rubutu da kasko, kuma kowacce da inda take tuntuɓe. A rubutu, babbar madogara ita ce takardar Ebas, wadda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin Miladiyya. Tsawonta ya kusa mita 20, tana ɗauke da haɗe-haɗen magani da addu'o'in tsafi sama da 800, yanzu tana ɗakin karatun jami'ar Laifzig a Jamus. Ana iya karanta ta, amma sunayen tsirrai da yawa da ke ciki har yau ba a daidaita a kansu ba. Akwai kalmar da ke yawan fitowa, jaret. Wasu masana sun ce harrub ne, wasu sun ce handal ne, wato kwartowa. Ki duba tazarar: ɗaya ɗan itace ne mai zaƙi da yaro zai tauna, ɗayan kuwa yana sa zawo har da jini. Don haka in mai attar ya ce ga haɗin Ebas a kwalba, a tambaye shi wanne ya zuba.

A kasko kuwa ga yadda ake yi. Tukunyar ƙasa marar shafe tana da ƙananan ƙofofi, shi ya sa tulu yake tsatso. Mai da kitse da ƙaro sukan shige jikin yumɓun su maƙale, ƙasar Masar kuma busasshiya ce, babu damshin da zai ruɓar da su. Mai gwaji zai fara kankare fatar sama ya zubar, domin ita ce ta sha hannun mutane da ƙura. Sannan ya ƙwaƙulo garin ciki, giram 1 zuwa 2. A jiƙa shi a ruwan sinadari mai narkar da mai, galibi dikloromitan kashi 2 da mitanol kashi 1, a girgiza, a wulwula a na'ura har gari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a busar da shi da iskar naitirojin. Abin da zai rage ɗan maiƙo ne da ƙyar ido ke gani. A ɗiga masa wani sinadari mai suna BSTFA, a ɗumama a digiri 70 kamar awa guda don ya iya zama tururi, sai a tura shi na'urar GC-MS. Gaban na'urar bututu ne siriri kamar zare, mita 30 a nannaɗe, sinadarai su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, mai saurin tashi a gaba. Bayanta kuma yana farfasa kowanne ya auna nauyin gutsattsarinsa, da haka ake gane shi.

Kowane abu da shaidarsa. In an ga asid ɗin risinolik, man zurma ne. Asid ɗin boswelik, luban ne. Hopen da siteren, kwalta ce ta ƙasa. Amma na'urar sau da yawa dangin tsiro take nunawa, ba shi kansa ba. Ba ta faɗin nawa aka zuba, ba ta faɗin don me aka zuba, kuma abin da ke saurin tashi a iska ya daɗe da tafiya.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu shi ne Sakkara, tsohuwar maƙabartar Fir'aunoni a kudu da Alƙahira. A 2016 wani masanin tarihi ɗan Masar, marigayi Ramadan Husaini, da tawagarsa suka tono wurin da ake shirya gawa kusa da dalar Fir'auna Unas, na tsakanin 664 da 525 kafin Miladiyya. An samu ƙoƙuna da kwanoni 121, da yawa da rubutu a jiki: wannan a sa a kansa, wannan na wanki, wannan don ƙamshinsa ya yi daɗi. Aka auna 31, sakamakon ya fito a mujallar Nature a 2023. Kalmar antiyu, wadda aka daɗe ana fassara ta da mur, sai ga shi a waɗannan ƙoƙuna haɗi ne na man itacen arzi da man ar'ar ko danginsa da kitsen dabba. An kuma ga ƙaron damar, wanda daga dazukan kudu maso gabashin Asiya yake fitowa. Kenan abin da littattafai suka yi shekaru suna maimaitawa, ƙoƙo ɗaya mai suna a jiki ya girgiza shi.

Abin da ya fi ɓata irin wannan aiki shi ne dauɗar zamani. Ledar da aka ƙunshe kasko tana barin sinadarinta, yatsan mai tono yana barin maiƙonsa. Shi ya sa kowane gwaji ake haɗa shi da kwalba marar komai, a bi da ita duk matakan, in wani abu ya fito a cikinta to daga ɗakin gwajin yake. A 1992 wata mai bincike a Jamus, Svetlana Balabanova, ta ce ta samu nikotin da koken a jikin busassun gawarwakin Masar da ke Munik, alhali ganyen koka na Kudancin Amurka ne. Har yau ana yawo da labarin, amma yawancin masana ba su karɓe shi ba: gawarwakin sun bi hannun dillalai a ƙarni na 19, kuma a da gidajen tarihi kan yi amfani da garin taba don korar ƙwari.

Mai Saidaliya, Kasala

Yaya Umman Walida, zancen Halfa gaskiya ne, amma mai muryar ya ɗauki kan ya yar da gangar jikin.

Ƙasusuwan na mutanen da suka rayu a gaɓar Nilu kusa da Wadi Halfa ne, tsakanin shekara ta 350 da 550 Miladiyya. Tawagar George Armelagos, wani masani ɗan Amurka, ta yanka ƙashin sirara-sirara ta haska shi a ƙarƙashin madubin gwaji da fitila ta musamman, sai ga zobba-zobba suna ƙyallin rawaya mai ratsin kore. Wannan ƙyalli likitocin ƙashi sun san shi, na tetrasaikilin ne, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin maganin yana kama sinadarin kalsiyam ya zauna a duk inda ƙashi ke ginuwa a lokacin da aka sha shi. Suka buga a mujallar Science a 1980. Mutane da yawa suka ce ai daga ƙasar kabari ya shiga bayan mutuwa. Amsar ita ce, abin da ya shiga daga waje a baki-baki da tsagogi yake tsayawa, wannan kuwa yana can cikin zobban da ƙashi ya gina mai shi yana raye. A 2010 Mark Nelson, masanin wannan dangin magani, ya narkar da ƙashin da asid mai ƙarfi, ya ciro sinadarin ya auna shi, ya tabbata shi ne. Har a ƙashin yaro ɗan shekara 4 an samu. Ku tuna a asibiti sai a 1948 aka fara sanin maganin farko na wannan dangi.

Daga ina suka samu? Akwai wata ƙwayar halitta da ke zaune a ƙasa, Streptomyces, ita ke yin maganin. Abin da masu binciken suka rinjayar shi ne ta shiga hatsinsu, suka yi tsimi da shi, wani abu mai kauri tsakanin kunu da giya, kusa da abin da a nan ake kira marisa. Ko sun san magani suke sha, ko sun dai lura cewa tsimin wani gida ya fi sa lafiya, ƙashi ba zai faɗa ba.

To ga inda za a cuci mutane. Streptomyces ba fumfuna ba ce. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara da dawa in an zuba su a matmura, wato ramin ajiyar hatsi, ko buhu da ɗanyensu, musamman mai launin kore-kore, tana iya zama Aspergillus, mai fitar da gubar aflatoksin, wadda ke cin hanta har ta kai ga sankara. Dafuwa ba ta kashe ta. Ku mutanen Gadarif da hatsi ke hannunku kun fi kowa sanin warin buhun da ya sha damshi. Wannan na zubarwa ne, ko dabbar tatsa ba a ba ta, don gubar tana biyo nono.

Shi kansa tetrasaikilin na kwali ba a ba mai ciki, ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba, saboda wannan hali nasa na kama kalsiyam: yana shiga haƙorin da ke tsirowa ya rina shi ruwan ƙasa, kuma ba ya fita. Ba a haɗa shi da madara ko nono ko maganin ƙarin jini, a bar tazarar awa 2 zuwa 3, in ba haka ba a hanji zai ɗaure ya wuce.

Innar Yara, Sinnar

Ƙanwata, a bari. Amsar kenan a taƙaice, ga dalili.

Binciken da mai muryar ke nufi na Faransa ne. Philippe Walter da abokan aikinsa sun auna ragowar tozali daga tandaye 52 na gidan tarihin Lubur a Paris. Baƙin, galina ne, dutsen nan mai nauyi da ƙyalli da muke daka wa tozali. Amma sun ga wasu fararen gari biyu, loriyonait da fosjinait, waɗanda da wuya a same su a ƙasa. Haɗa su aka yi: a niƙa tokar dalma, a dama a ruwa da gishiri, wani sa'in da atrun, wato kanwa, a tsiyaye ruwan a sake sabo, kullum, har tsawon makonni. Wannan aikin gwanaye ne, babu musu. A 2010 suka zuba ɗan mitsitsin loriyonait a kan ƙwayoyin fata da aka raina a faranti, suka ga iskar naitirik oksayid da ƙwayoyin ke fitarwa ta ƙaru har da kashi 240 cikin 100. Wannan iska tana cikin abin da jiki ke kiran dakarunsa da shi. Daga nan suka ce mai yiwuwa tozalin ya taimaka wa mutanen da ambaliyar Nilu ke jawo wa ciwon ido kowace shekara.

A faranti fa aka yi, ba a idon jariri ba, kuma ba wanda ya auna jinin waɗancan mutane ko ya bi 'ya'yansu ya ga yadda ƙwaƙwalwarsu ta kasance. Duk abubuwan nan dalma ce. Galina tsantsa kashi 86 cikin 100 na nauyinta dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston, iyayensa 'yan Najeriya, da aka samu dalma ta hau a jininsa. Da aka auna tozalin da ake sa masa, dalma ta kai kashi 82.6 cikin 100.

Ba ta fatar ido take shiga sosai ba. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, wannan sau nawa a yini? Hawaye kuma yana gangarawa ta wata 'yar ƙofa a lungun ido zuwa hanci, ya sauka maƙogwaro a haɗiye. Cikin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na babba, in yana da ƙarancin jini abin ya fi haka, domin hanji yana ɗaukar ta a madadin sinadarin ƙarfe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Mugun halinta shi ne shiru: yaro yana wasa, yana cin abinci, sai an kai shi makaranta a ga karatu ba ya zama, a ce ai haka Allah ya yi shi. Mai yawa kuwa ita ke kawo ciwon ciki, amai, jijjiga da suma. Wanda ya ji labarin Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara sama da 400, ya san ba abin wasa ba ce.

Har ila yau kada a sa shi a cibiya. Inda ake haihuwa a gida, abin da aka amince a shafa shi ne kiloheksidin mai ƙarfin kashi 7.1, wanda aka yi don cibiya, kuma kada ya kusanci ido. Tozalin da ake yi da baƙin hayaƙin luban ba shi da dalma in ba a gauraya ba, amma tsinke ɗaya da ke zagaya idon mutum biyar a gida shi ma hanyar ciwon ido ce.

Malam Na-Maiwurno

Allah ya saka da alheri, Dakta. Sai dai kada mai karatu ya fahimci ana sukar sunna. Hadisi ya zo a Abu Dawud da Tirmizi cewa ismid yana ƙara hasken gani yana tsirar da gashi, kuma alhazai suna sayo shi a Makka da Madina su kawo tsaraba. Shi ma dalmar ce?

Abu Mus'ab, Bur Sudan

Allah ya gafarta Malam, ba hadisin ake magana a kai ba, abin da ke cikin kwalbar ne, matsalar jaret da antiyu ce ta sake dawowa. Yawancin masana sun fassara ismid da dutsen antimoni, wani ma'adani dabam. Amma gwaje-gwajen da aka yi wa tozalin kasuwannin Saudiyya da maƙwabtanta sun sha nuna cewa da yawa galina ce, ko da an rubuta ismid a jiki. Duwatsun biyu sun yi kama, duka toka-toka ne masu ƙyalli.

In dutsen yana nan ba a daka ba, ana iya rarrabewa a gida. Galina tana fashewa murabba'i-murabba'i kamar ƙananan akwatuna, na antimoni kuwa tsinke-tsinke yake, dogaye. Sai nauyi: a auna giram 100 a ma'aunin maƙerin zinariya, a jefa a kofin awo mai ruwa. Galina za ta ɗaga ruwan kamar mililita 13, na antimoni kamar 22, saboda galina ta fi shi nauyi nesa. Ɗan ɓarɓashin antimoni kuma yana narkewa a harshen kyandir, galina ba ta yi, amma a yi a fili kada a shaƙi hayaƙin. A wanke hannu da kofin bayan an gama, kada kofin ya koma kicin. In gari ne kuwa, ido da hannu ba su da abin cewa, sai na'urar XRF, irin wadda masu awon ma'adanai ke riƙewa a hannu, cikin minti ɗaya take faɗa. Shi ma antimoni ba abin haɗiya ba ne, don haka ko an samu na gaskiya, babba ya sa abinsa, a ƙyale jariri.

Mai Saidaliya, Kasala

Tunda an ambaci zuma, kada a ce duk kushe muka zo yi. Takardar Edwin Smith, wata tsohuwar takardar likitancin Masar mai bayanin raunuka 48, tana yawan cewa a ɗaure rauni da zuma da maiƙo da ƙyalle, kuma wannan ya tsaya da ƙafarsa. Ruwan da ke cikin zuma bai wuce kashi 17 zuwa 18 ba, sai ta zuƙe ruwan jikin ƙwayar cuta. Tana da tsami, tana kuma sakin ɗan haidirojin feroksayid in ta haɗu da damshin rauni. Yau akwai zumar asibiti da aka tsarkake don miki. Amma jaririn da bai shekara ba, ko lasa ba a ba shi, saboda tana iya ɗaukar irin ƙwayar botulizim, wadda ke tsira a hanjinsa ta saki guba, jikinsa ya saki, ya kasa tsotso.

Sai hilla, wadda ake dafawa don tsakuwar ƙoda. Iri biyu ce, kuma 'ya'yansu sun yi kama sosai. Hilla baladi, Ammi visnaga, ita ke da sinadarin kelin mai sassauta jijiyoyi, daga bin sawunsa aka ƙera amiyodaron na bugun zuciya da kromolin na asma. Hilla shaiɗani, Ammi majus, daga ita masana a Alƙahira suka ciro sinadarin da likita Abdul Mun'im al-Mufti ya fara gwadawa a kan masu albaras a ƙarshen shekarun 1940, bayan Ibnul Baiɗar ya ambaci amfaninta tun ƙarni na 13. Wanda ya sha ta bisa kuskure ya shiga ranar Kasala, fatarsa za ta tashi bororo kamar ƙunar wuta.

Umman Walida, Gadarif

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Inna, to yaron da aka riga aka yi wata shida ana sa masa fa? Akwai abin da za a ba shi ya wanke?

Innar Yara, Sinnar

Babu jiƙo ko madarar da ke wanke ta, kada a wahalar da shi. A daina daga yau, a fitar da tandun da turmin da ake daka shi daga ɗaki, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, ba shara ba, don tsintsiya tayar da ƙurar take yi. Uwa mai ciki ko mai shayarwa ita ma ta ajiye, domin dalma tana ratsa mahaifa.

In akwai ɗakin gwajin da ke yi, a nemi awon dalma a jini, kuma daga jijiya za a ɗiba, don na ɗan yatsa yakan nuna fiye da gaskiya in akwai ƙurar tozali a fata. Daga maikrogiram 3.5 a kowace desilita hukumar Amurka ke cewa a fara bibiya, ta Duniya kuma daga 5. Maganin da ke janye dalma daga jiki sai ta kai wajen 45 ake ba da shi, a asibiti, domin shi ma yana taɓa ƙoda da hanta. Ƙasa da haka, aikin shi ne a raba yaro da tushen, a sake awo bayan wata 1 zuwa 3. A duba ƙarfin jininsa a lokaci guda, in ya yi ƙasa a ba shi maganin ƙarin jini na yara, tunda ya kai wata shida kuma a fara haɗa masa da hanta, ƙwai da wake. In kuwa aka ga amai ba ƙaƙƙautawa, yawan barci ko jijjiga, ba a jiran sakamakon awo, a tafi asibiti da shi a tafi da tandun a hannu.